Totuwa a Bakin Injin Arzika

Arzika ƙanena ne, ciki ɗaya, ni na goya shi, saboda haka in na faɗi halinshi ba mai cewa na yi mashi ƙage. Mutum ne wanda bakinshi bai iya furta a'a ba. Tun yana yaro in Inna ta ba shi ƙosai ya fita zaure, sai ya dawo yana lasar yatsa, wai abokai sun ce ya ɗanɗana masu. Na dake shi a kan wanga hali, Baba ya dake shi, bai bari ba. Yau ga furfura a gemunshi, amma ka ce rigar jikinshi ta yi maka kyau ka gani, yanzu ya fara laluben maɓalli.

Mu mutanen wata unguwa ce can bayan Yashe, noma muka gada. Arzika kaɗai ya fita daban. Tun kafin gashin baki ya fito mashi ya gudu tashar Kankia ya zama yaron mota, ya sha zagi, ya sha rana, har ya iya tuƙi. Ya daɗe yana jan motocin mutane. Da Baba ya rasu aka raba gado, sai ya saida shanu huɗun da suka faɗo mashi ya sayi wata tsohuwar Golf, ja, ƙofar bayanta sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu. Da ita yake ci da matarshi Shamsiyya da ɗiyansu. Ita ce kuma motar unguwarmu kaf. Mai naƙuda, mai zazzaɓi, wanda ya faɗo daga bishiya, duk ƙofar Arzika ake bugawa, kuma rabinsu da "Allah shi saka" suke sallamarshi.

Injin motar ya tsufa, baƙin mai yake sha kamar mai jego da kunu. Kullum da safe sai Arzika ya ɗaga bonet, ya zaro geji ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Sannan ya murɗe marfin da ke saman injin, ya ɗura mai, ya mayar da marfin ya murɗa har sai ya ji ya kama. Wani baƙin marfi ne na roba, faɗinshi bai wuce bakin kofin shayi ba, da 'yar roba mai taushi zagaye a cikinshi. Shi da kanshi ya taɓa ce mani, "Yaya, kin ga ɗan abin nan? Injina yana busa ta sama. In babu shi, man da ke ciki duk waje zai yi." Da bakinshi ya faɗa, ni kau na riƙe.

Tau, direbobin tasharsu suna da wata al'ada da ni dai ban taɓa ganin kanta ba. In motarka ta huta yau, wanda zai yi tafiya yana da damar ya zo ya ari abin da ya rasa a jikinta. Wannan ya ɗauki safaya, wancan ya ɗauki jak, wani har batir yake cirewa. Kai ma ranar da ka rasa haka za ka yi. Sauran direbobi sukan ɗan yi ƙorafi, ko su ce makullin yana hannun yaro. Arzika kuwa in ya aje mota, har ya fi kowa saurin ɗaga bonet.

Lokacin kaka ne, ana yankan dawa. Ranar Arzika ya aje motar ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakanin gidanshi da namu, don ya shiga gonarshi. Da hantsi ina shanya kuɓewa sai na ji muryar Kabo, abokin tuƙinshi, wani mai bakin zaƙi da ban taɓa yarda da shi ba. Na leƙa ta saman danga. Wai ya ɗauko kayan amarya zai kai Kano, ya ƙara mai a Kankia, ya manta marfinshi a kan injin ya ja mota, marfin ya faɗi a hanya. Kafin ya rufe baki Arzika ya murɗe nashi ya miƙa mashi.

Na ce, "Arzika, me ka cire ka ba shi?"

Ya ce, "Marfi ne, Yaya. Da yamma zai maido. Yau ba inda za ni."

Na ce, "Kai ka san inda za ka?"

Dariya ya yi. Ya duƙa inda Shamsiyya ta ɓare masara jiya, ya zaɓi totuwa mai kauri, ya naɗe ta da baƙar leda, ya cusa a bakin injin, ya buga da tafin hannu. Haka muke toshe galan ɗin man gyaɗa in marfinshi ya ɓata, kowa a garinmu ya iya. Ya ce don kar ƙura da ƙwari su shiga ne kawai. Ya rufe bonet, ya saɓa lauje ya wuce.

Mai gidana malami ne, yana koyarwa a Islamiyyar unguwarmu da safe, in ya tashi yara ya wuce gona. Mutum ne mai jiki, mai sanyin magana, duk faɗan da ke gidanmu ni ke yinshi. Bayan azahar ina tankaɗe sai na ji hayaniya a zaure. Na fito na tarar da Labaran, ƙanen Malam, da wasu maza sun ɗauko shi. Wai Malam ya ɗaga karan dawar da aka kayar, ashe abin ƙasa na kwance a ƙarƙashi, ya sare shi a idon sawu. Labaran ya kashe macijin ya gani da idonshi, kububuwa ce. Sun ɗaure ƙafar da rawani a ƙasan gwiwa, ta riga ta kumbura tana ƙyalli.

Malam ya ce mani, "Maman Ummu, kar ki tada hankalinki." Da ya buɗe baki sai na ga haƙoranshi sun yi ja. Jini ne ke tsattsafowa daga dasashi. Na taɓa ganin haka ga wani ƙanen Innarmu, kuma na san yadda aka ƙare.

Ranar kasuwa ce, duk masu babur sun fita tun safe. Aka ruga gona aka kira Arzika. Ya iso da gudu, ƙaiƙayi duk a jikinshi, ya dubi Malam, sannan ya juya ya dubi motar. Ni ma ita nake kallo. Ya san abin da ke bakin injin nan, ni ma na sani. Ya kira Kabo a waya, Kabo ya ce yana cikin Kano ana sauke gado da katifa. Arzika ya ɗaga bonet, ya ɗauki dutse ya ƙara buga totuwar, ya yanko robar tayar keke ya ɗaure ta da wani ƙarfe da ke gefe.

Na ce, "Za ta kai mu?"

Ya ce, "Ku sa shi a ciki."

Aka kwantar da Malam a kujerar baya, kanshi a cinyata. Labaran ya shiga gaba. Daga unguwarmu zuwa kwalta hanyar ƙasa ce, ramuka da yashi, damina ta gama cinye ta. Kullum Arzika a hankali yake binta yana lallaɓa motar, ranar kau taka ta ya yi, muna tsalle kanmu na bugun rufi. Ina goge bakin Malam da gefen mayafina, ina gogewa yana sake fitowa. Shi kuma yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Wari na fara ji, irin na leda in ta faɗa murhu. Sai na ga hayaƙi siriri yana fitowa ta gefen bonet. Sai ɗigo-ɗigon baƙi a kan gilashi. Muna hawa kwalta wata 'yar jar wuta mai hoton buta ta kama a gaban Arzika, ta mutu, ta sake kamawa. Ya gangara gefen titi ya tsaya.

Na ce, "Me kuma ka tsaya yi? Mutum na zubar da jini!"

Ya fita. Ya ɗaga bonet, hayaƙi ya turnuƙe shi. Ta tagar nake hangen shi. Mai ya wanke injin gaba ɗaya, yana ɗiga kan ƙarfe mai zafi yana ƙara. Ledar ta narke, totuwar ta karkace ta jiƙe sharkaf. Ya sa tsumma ya kama ta zai gyara, sai ta karye. Rabi ya biyo hannunshi, rabi ya marmashe ya zurma ciki. Na ji ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya zura yatsa, zafi ya kore shi, ya sake zurawa, bai ciro komai ba.

Labaran ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga hannu. Motocin duk na 'yan kasuwa ne, maƙil, buhuna har kan rufi, ko allura ba inda za a sa. Wata ta rage gudu, direban ya leƙo ya ga jini a mayafina, ya ƙara wuta. Allah shi shirye shi, ni dai ban yafe ba.

Nan zuciyata ta kawo wuya. Na ce, "Arzika, ka ga abin da na daɗe ina faɗa maka? Ka ɗauki marfin motarka ka ba mai kai gado da katifa! Wallahi in Malam ya cika a hanyar nan, kai da Kabo ku nemi wata yayar, ba ni ba!" Na faɗa, kuma har gobe in aka maimaita ranar haka zan faɗa.

Malam ya kama hannuna. Muryarshi ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "Ki bar shi haka nan." Sannan ya ce, "Arzika, zo." Arzika ya sunkuyo ta taga. Malam ya ce, "Ka ga motar nan ita ce abincin iyalinka. Kar ka kashe ta sabili da ni. Mu jira wata, abin da Allah ya rubuta shi zai faru."

Arzika ya ce, "Malam, kai dai ci gaba da salatinka."

Ya buɗe but ya ɗauko ɗan galan ɗinshi, ragowar man da ke ciki bai taka kara ya karya ba, ya juye duka. Ya waiwaya yana neman abin toshewa, babu. Sai ya cire hular kanshi, ya murɗa ta ya cusa a bakin injin, ya ɗaure da robar. Muka tashi.

Jar wutar ta ɗauke na ɗan lokaci, har na fara cewa alhamdulillahi. Kumburin ya haura gwiwa. Malam ya daina salati da baki, leɓɓanshi kawai ke motsi. Ina kiran shi yana buɗe ido da ƙyar. Wani tsohon ƙurji da ya warke a hannunshi tun bara, shi ma na ga ya fara tsattsafo da jini. Na ce Labaran ya juyo ya gani, ya juyo, ya mayar da kai da sauri yana share ido.

Kafin mu shiga wani ɗan gari da ke kan hanya wutar ta dawo, wannan karon ba ƙiftawa, tsayawa ta yi jawur. Arzika ya tsaya gaban wani mai saida baƙin mai a bakin titi, bai kashe injin ba don yana tsoron ta ƙi tashi. Ya zare hular, ta zama baƙa ƙirin tana hayaƙi, mai na fallatsa mashi a fuska, ya juye kwalba guda, ya mayar da hular. Ya leƙo ya dubi wutar. Tana nan.

Mai man, wani dattijo, ya kasa kunne ga injin ya ce, "Direba, kashe ta. Man yana ciki amma ba ya hawa, wani abu ya toshe mashi hanya. Ka ƙara gaba kaɗan injin nan zai buga, kuma in ya buga ya tafi ke nan."

Arzika ya ce, "Akwai mota a tasharku?"

Ya ce, "Duk sun tafi kasuwa. Amma akwai wani Alhaji a cikin gari mai mota, bari in aika a duba ko yana gida."

A duba ko yana gida! Daidai nan Malam ya yi tari, jini ya zubo mani a zane. Arzika ya shigo ya zauna, ya gyara madubi ya dubi Malam a ciki. Ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Na san abin da yake aunawa. Shanun Baba ne a cikin injin nan, da duk wahalar da ya sha tun yana yaron mota. Ya ce, "Bismillahi," ya sa giya.

Dattijon yana ta ɗaga hannu a bayanmu yana kira.

Ba mu yi nisa ba ƙarar ta fara. Da farko ƙas-ƙas, can ƙasa, sai ta koma kamar ana daka a turmi, kuma tana ƙara sauri. Motar ta fara rage gudu da kanta, yana taka totur tana nishi. Hayaƙi ya cika ciki, Labaran ya sauke gilashi yana tari. Arzika magana yake da ita kamar mai lallashin jaki, "Haba 'yar albarka, saura kaɗan. Haba, ki kai mu, ki kai mu kawai." Ni kau na sa bakina a kunnen Malam ina kiran sunan Allah, ina cewa kar ya yi barci, Ummu na gida tana jiranshi, yara na jiran darasu. Hannunshi ya yi sanyi. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin shi ba, ko ranar da Inna ta rasu.

Na hango rufin kwanon gidajen farko na Kankia. Sai muka ji wata ƙara, gwaram, kamar an jefa taɓarya cikin tukunyar ƙarfe, motar ta yi girgiza, sai shiru. Arzika ya taka kuloci ya bar ta tana gangarawa da sauran gudunta. Ta yi ta tafiya ba sauti, tana rage gudu, tana rage gudu, har ta tsaya gaban wata rumfar masu faci. Asibiti na can gaba, ba a ko hango shi.

Arzika ya fito, kai ba hula, fuska duk mai. Ya sa kafaɗa a jikin ƙofa, hannu ɗaya a sitiyari, ya buɗe murya, "Jama'a, saran maciji ne! Ku taimaka don Allah!" Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Masu faci suka yar da abin hannunsu. Mai rake ya bar baronshi. Wasu da suka fito daga sallar la'asar suka tattare riguna. Labaran ya fita ya kama. Kafin in ankara motar ta fara tafiya, da gudu kuwa, ina jin takun ƙafafu da numfashin mutane a bayana, wani na ihu a ba da hanya. Wanda ya gaji ya saki, wani ya karɓa. Haka aka tura mu har ƙofar asibiti, ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ma'aikatan suka karɓe shi da sauri. Wata nas ta kwance rawanin tana faɗa a kan ɗaurin da aka yi. Suka ɗebi jininshi a wata 'yar kwalba suka aje, bayan an jima likita ya karkata ta, jinin ya gangaro kamar ruwa. Ya ce dafin ya hana jinin daskarewa, sun sa mashi maganin a cikin ruwan da ake ƙara mashi, sai mu yi ta addu'a. Na tambaye shi ko mun makara. Ya ce, "Hajiya, da kun ƙara jimawa da ba wannan maganar muke ba." Bai ce mani zai tashi ba.

Sai washegari da hantsi aka sake ɗibar jinin. Ina tsaye ina kallon kwalbar nan kamar in haɗiye ta. Likitan ya zo ya ɗaga ta, ya karkata, ya kifa ta gaba ɗaya. Jinin ya tsaya cak a gindinta. Ya ce, "Tau, alhamdulillahi." Na dubi Malam, bakinshi ya bushe, ba ja a haƙoran. Ya buɗe ido ya ce a ba shi ruwa.

Na fito neman Arzika. Tun jiya ban sa shi a ido ba, Labaran ya ce ya ƙi shigowa ɗakin. Na same shi a waje inda aka ture motar gindin wata bishiya, shi da wani bakanike. An kwance ƙasan injin, an shimfiɗa buhu, an zube abin da aka kwaso a kai: baƙin marmashin totuwa cakuɗe da gutsattsarin ƙarfe masu ƙyalli. Bakaniken yana nuna mashi wani rami a gefen injin, wanda hannun yaro zai shiga. Na ji yana cewa, "Wannan ba gyara, Arzika. Sai dai wani injin, kuma ka san jikin motar bai kai a saya mata ba."

Arzika ya hango ni ya miƙe tsaye. Yatsunshi biyu sun tashi ruwa inda injin ya ƙone shi. Ya ce, "Yaya, jinin?"

Na ce, "Ya tsaya. Har ya sha ruwa."

Sai ya sulale ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar motar, ya rufe fuska da hannuwan nan masu mai, ya fashe da kuka, kuka sosai, gaban bakanike da masu wucewa. Na fito da sauran faɗa a bakina, na rantse, na tanade shi tun jiya. Na neme shi na rasa. Na zauna kusa da shi a cikin ƙasar nan, na kama kanshi, muka yi tare.

Malam ya tashi. Yana ɗan ɗingisa ƙafar in sanyi ya shigo, amma yana zuwa makaranta, yana zuwa gona. Motar kuwa masu sayen tsohon ƙarfe suka zo da babbar mota suka ɗauke ta. Yanzu Arzika kamasho yake yi a tashar Kankia, yana tsaye a rana yana kira wa motocin wasu fasinja, har da ta Kabo. Da yamma in an gama lodi, sai ya roƙi wani direba ya rage mashi hanya zuwa Yashe, ya ƙarasa gida a ƙasa.